Wasiƙa ga ɗana kan fayil ɗin imel da ya ƙi kwafuwa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Na ga saƙonka cewa fayil ɗin Outlook, manhajar imel ɗinka, ya ƙi kwafuwa, sai ya kai rabi ya cije, wasu wasiƙun kuma sun daina buɗewa. Kwantar da hankalinka, amma don Allah kada ka sa masa wata manhajar gyara tukuna. A kan kwafi ake gyara. In ka gyara na asali ya ƙara lalacewa, ba ka da wurin komawa.

Fara da duba ƙarshen sunansa. In .ost ne, inuwar abin da ke kan sabar ce kawai: rufe Outlook, canza wa fayil ɗin suna, zai sauko da sabo. Kada ka goge tsohon, don a asusun imel irin na IMAP kalanda da adireshin mutane kan zauna a cikinsa kaɗai. In kuwa .pst ne, sau da yawa shi ne rumbun gaba ɗaya, sai a lallaɓa shi.

Wani lokacin matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Outlook kan riƙe fayil ko bayan an rufe shi, don haka buɗe Task Manager ka tabbata OUTLOOK.EXE ya fita. Sannan filas mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da akwai wuri fal. Kwashe abin da ke kansa, ka yi masa fomatin zuwa exFAT ko NTFS.

Wanda nake jiye maka shi ne saƙon da ke ambaton CRC. Ma'anarsa kwamfuta ta karanto wani gurbi a faifai, abin da ta samu bai yi daidai da lissafin tantancewar da aka ajiye tare da shi ba. Canza waya da kafar USB tukuna in faifan na waje ne. In har kullum a wuri ɗaya kwafin ke tsayawa, to faifan ne ya fara ciwo. Duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. Alamar rawaya ko ja gargaɗi ne. In kana jin yana ƙyas-ƙyas a ciki, kashe shi nan take ka kai wa masu ceto bayanai, duk kunnawa ƙara masa rauni take yi.

Za a ce maka ka yi chkdsk /r, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi. Ban yarda ka fara da shi ba. Awanni yake yi yana bin faifai gurbi-gurbi yana rubutu a kansa, faifan da ke gargara kuwa yana iya cikawa a hannunsa. Fara kwashe sauran fayiloli da robocopy, umarnin kwafi na Windows, ka sa /R:1 /W:1, wato sake gwaji sau ɗaya da jiran daƙiƙa ɗaya, domin in ka bar shi yadda ya zo, sau miliyan zai gwada fayil guda, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani. Robocopy dai zai tsallake .pst ɗin da ya lalace ne ɗungurungum. Ceto shi aikin ddrescue ne, manhajar kwafe faifai mai ciwo: ta da kwamfutar da Linux daga filas, ka kwafe faifan duka zuwa wani mai girmansa ko fiye. Yakan ɗebe wurare masu lafiya da farko, ya dawo kan masu ciwo daga baya. Karanta umarnin sau biyu kafin ka danna, sunan tsohon faifai ake fara rubutawa a umarnin sannan na sabo. In ka juya su, ka shafe komai da hannunka.

Da .pst ya samu a faifai mai lafiya, yi masa kwafi biyu, ka ajiye ɗaya gefe. Ɗayan za ka ba scanpst.exe, manhajar gyaran .pst, wanda ke cikin foldar Office, galibi Office16. Bar shi ya yi ajiyarsa ta .bak, wato kwafin fayil ɗin kafin gyara, kuma ka maimaita har sai ya daina samun kuskure. Sau ɗaya ba ya cika isa. Wasiƙun da suka rasa mazauni za ka iske su a foldar Lost and Found.

Kada ka ci gaba da aiki da wanda aka gyara. Buɗe sabon .pst ka kwashe wasiƙun folda-folda. Outlook na 2010 zuwa sama yana tsayawa a gigabait 50, amma ka raba su shekara-shekara tun kafin nan, kuma kada ka ajiye wanda kake aiki da shi a foldar OneDrive ko a kan wata kwamfutar ta netwok, katsewar haɗi ana cikin rubutu na lalata shi.

Turo mini hoton abin da CrystalDiskInfo ya nuna kafin ka ci gaba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka