Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna: Fayil Ɗaya Ya Ƙwace Mini Miji

Mai Girma Gwamna Uba Sani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni matar ɗan sanda ce, cikin masu binciken kisan kai a garin nan. Bai san na rubuto ba.

Wata bakwai ke nan da aka tsinci gawar wani matashi mai Keke Napep a bayan tsofaffin masaƙun Kakuri, inda ciyawa ta ci bango tun da injuna suka yi shiru. Kafin jami'ai su iso, jama'a sun tattake wurin, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Wani bawan Allah ma, don tausayi, ya gyara wa gawar kwanciya ya lulluɓe ta. Iyaye suka karɓi ɗansu aka yi masa sutura. Abin da ya rage wa maigidana shi ne silifa wari ɗaya da lambar waya guda.

Tun daga ranar gangar jikinsa kawai ke dawowa gida. Tuwo ya huce a kwano, shi yana kan tabarma da fitilar waya yana bin jerin lambobi. Ƙarfe biyun dare ya tayar da babur, sai teburin mai shayi a Tudun Wada ko tashar Kawo, wai ko wani zai yi suɓul da baka. Man fetur daga aljihunsa. Ranar nan autarmu ta zaro hoton mamacin daga rigarsa ta ce, "Umma, wannan yayanmu ne?"

Na san 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, amma jinin a ƙasar Kaduna ya zuba. Legas ta buɗe nata ɗakin gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da ke bambance mutum da mutum, tun 2017. Da muna da irinsa a kusa, da silifar nan ta yi magana, maimakon mutum ya ƙarar da barcinsa yana kame-kame.

Sannan ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. A haɗa likitocinsa da masu wannan aiki, su riƙa ganawa a asirce, domin ɗan sanda ba zai kai kansa can ba. Tsoron a ce ya taɓu ya fi masa ciwon.

Jiya uwar yaron ta sake kira. Ya fita tsakar gida ya amsa, na ji yana cewa, "Mama, a ƙara haƙuri, saura kaɗan."

Taku,
Wata matar ɗan sanda, Kaduna