Kira ga masu koyar da tsara manhaja a jami'o'inmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani darasi da ake koyarwa a sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu, wato tsara manhaja da gina ta bisa tsarin abubuwa, wanda ɗalibai suka fi sani da OOP. Ni mai rubuta manhaja ne a nan Zariya, kuma kusan kowace shekara nakan karɓi ɗalibai daga makarantu daban-daban waɗanda ke zuwa sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, saboda haka abin da zan faɗa gani na yi da idona.

Kusan duk ɗalibin da ya zo wurina, idan na tambaye shi ginshiƙan wannan tsari, zai jero mini su huɗu tiryan-tiryan: killace bayanai, ɓoye abin da ba a buƙatar gani, gado, da kuma amsa umarni ɗaya ta hanyoyi mabambanta. Haddar ba ta da laifi. Matsalar takan bayyana ne idan aka ajiye masa aiki na gaske a gabansa.

Na taɓa ba wani ɗalibi mai ƙwazo aikin rubuta manhajar da za ta riƙe lissafin adashe irin wanda mata 'yan kasuwa ke yi a Sabon Gari: mutum goma, zubi kowane mako, kwasa bi da bi. Cikin kwana uku ya kammala, kuma manhajar ta yi aiki, sai dai ya cusa komai a wuri guda, sunayen masu zubi da kuɗinsu da ranakun kwasa duk suna cakuɗe cikin ɗaruruwan layuka. Sai na ce masa ɗaya daga cikin matan ta ce za ta shiga hannu biyu, abin da duk wanda ya san adashe ya san yana faruwa kullum. Nan fa ido ya raina fata, domin ya gina komai a kan zaton cewa mutum ɗaya zubi ɗaya yake yi, kwasa ɗaya yake yi, kuma babu inda zai taɓa ba tare da wani gefen ya rushe ba. Da muka zauna da takarda da biro, shi da kansa ya gano cewa a adashe hannu ne ke zubi kuma hannu ne ke kwasa, mutum kuwa yana iya mallakar hannu ɗaya ko biyu, har ma mutum biyu su haɗu a hannu guda. Da ya ware hannu ya zama abu mai zaman kansa, da bayanansa da ayyukansa, sai sauran lissafin ya daidaita. Wannan ganowa ita ce ainihin darasin, kuma ita ce ba na ganin alamarta a wurin yawancin waɗanda suka ci jarrabawarsa da maki mai kyau.

Adashen nan kaɗai ya isa a koyar da rabin manhajar karatun. Uwar adashe ce ke riƙe da kuɗi da littafi, babu mai zubin da zai sa hannu cikin asusu ya gyara lissafi da kansa, dole sai ya bi ta wurinta, ita kuma ta duba ko abin da yake nema ya halatta; killace bayanai ke nan. Wata ta kawo tsabar kuɗi, wata ta tura ta banki, wata ta biya a wurin mai POS, kowace hanya da yadda ake tabbatar da ita, amma a wurin littafin adashe duk sunansu an biya. Amsa umarni ɗaya ta hanyoyi mabambanta ke nan. Gado kuwa, wato wani abu ya ɗauki halayen babban nau'in da ya fito daga cikinsa, wanda ɗalibai suka fi ƙauna saboda misalin kare da kyanwa da suka gaji dabba ya zauna musu a kai, shi ne aka fi yin ɓarna da shi. Na ga wanda ya sa mai zubi ya gaji adashe, alhali mai zubi ba wani nau'in adashe ba ne, adashe ne yake ƙunshe da masu zubi.

Tarihin fannin ma yana goyon bayan a fara daga kallon rayuwa. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard sun fito da harshen rubuta manhaja mai suna Simula 67 a ƙasar Norway a shekarar 1967, kuma abin da ya kai su ga wannan tunani shi ne neman hanyar kwaikwayon al'amuran duniya a cikin kwamfuta, inda kowane abu ke da halinsa da yadda yake mu'amala da sauran. Alan Kay, wanda ya jagoranci aikin samar da harshen Smalltalk a cibiyar binciken Xerox ta Amurka a shekarun 1970, ya fi ba da muhimmanci ga saƙonnin da abubuwa ke aika wa juna. Daga baya ne Bjarne Stroustrup ya kawo harshen C++, sannan harshen Java ya fito daga kamfanin Sun Microsystems a 1995. Na kawo wannan ne saboda ɗalibai da yawa sun ɗauka sanin ƙa'idojin rubutun Java shi ne sanin OOP, alhali tunanin ya girmi harshen da kusan shekara talatin, kuma wanda ya fahimce shi ba zai sha wahala ba idan gobe aka ce ya koma Python.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka. Na san akwai azuzuwan da ɗalibai suka ninka yawan kwamfutocin ɗakin gwaji sau da yawa, ga matsalar wutar lantarki, ga kuma ɗaliban da ba su da halin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai dai matakin farko na tsara manhaja ba ya buƙatar wuta ko intanet. Tun a 1989 Kent Beck da Ward Cunningham suka gabatar da wata dabara ta koyar da wannan tunani da ƙananan katuna: kowane kati a rubuta sunan abu, da nauyin da ke kansa, da abubuwan da yake hulɗa da su. Ɗalibai biyar za su iya zama a gindin bishiya, kowa ya riƙe kati, wannan ya zama hannu, wancan ya zama uwar adashe, su bi zubin mako guda mataki-mataki har su ga inda tsarin nasu ya gaza. Haka ma zanen UML, wato hanyar zana tsarin manhaja da hotuna, wanda aka amince da shi a matsayin ma'auni a 1997, an yi shi ne domin a yi tunani da shi kafin rubutu da kuma lokacin rubutu. Abin takaici, abin da na fi gani shi ne ɗalibi ya gama aikinsa na shekarar ƙarshe, sannan ya zana hotunan a daren da zai kai a ɗaure masa kundi, domin kawai babi na uku ya cika.

Babbar shawarata ga sassan kimiyyar kwamfuta ta shafi yadda ake auna ɗalibi. Jarrabawar da ake rubuta manhaja da biro a takarda, a zaftare maki saboda an manta wata alama a ƙarshen layi, tana auna abin da kwamfuta za ta nuna wa mutum cikin daƙiƙa guda. Ya fi dacewa a ba ɗalibai aiki tun farkon zango daga abin da suka sani, kamar lissafin shagon magani a Tudun Wada, ko jerin motocin da ke jiran lodi a tashar Kwangila, ko rabon ɗakuna a gidan kwanan ɗalibai, sannan a tsakiyar zango malami ya canza buƙatar ba tare da sanarwa ba, kamar yadda masu ba mu aiki ke yi mana kullum. Wanda ya tsara aikinsa da kyau zai gyara wuri ɗaya ko biyu, wanda kuma ya cakuɗa komai zai gane kuskurensa ba sai an faɗa masa ba. A kuma sa su musanya aikin, kowane rukuni ya ci gaba daga inda wani rukunin ya tsaya, domin a wurin aiki karanta rubutun wasu ya fi rubuta sabo yawa. Idan aka wajabta amfani da Git, wato tsarin da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa manhaja, wanda Linus Torvalds ya samar a 2005 kuma kyauta ne, malami zai ga wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta, ta yadda al'adar nan ta mutum ɗaya ya yi aiki sauran su sa suna za ta ragu. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta wa ɗalibi amsar aikin gida cikin minti guda. A kira shi ya tsaya ya bayyana dalilin da ya sa ya raba abubuwan yadda ya raba su, nan take za a san ko shi ya yi.

Mu da ke wannan sana'a a Zariya ma muna da namu nauyin. A shirye nake, kuma na san akwai abokan aiki irina, in zo aji sau ɗaya ko biyu a zango ba tare da an biya ni ba, in zama mai ba da aiki, in kawo buƙata, in kuma canza ta bayan mako huɗu, idan har akwai sashen da ke son gwada wannan hanya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Samaru, Zariya