Janye Salak Daga Shagunan Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan haɗaɗɗen salak da wani kamfani mai suna Dole ya janye daga shagunan Amurka a watan Disamba na 2021, saboda ƙwayar cutar Listeriya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙwayar tana hayayyafa ko a cikin firji, ganyen kuma yana nan kore shar a ledarsa, ba wari, alhali tana iya sa mai juna biyu ɓari. Can, lambar jikin leda ce ta nuna wa masu saye wanda za su zubar. Latas da kabejin da ake yankawa tun safe domin bukukuwanmu ba su da lamba, shi ya sa nake kira ga ma'aikatan duba-gari su riƙa leƙa wuraren masu girkin biki.

Naka,
Mai karatu daga Kano