Bayodizal Ba Man Jirgin Sama Ba Ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu gyara wata magana da ke yawo a nan Katsina, musamman tsakanin ɗalibai da masu ƙarfafa wa manoma gwiwar shuka bi-ni-da-zugu. Ana cewa wai in aka tatsi mansa aka mayar da shi bayodizal, wato man gas da ake haɗawa daga man tsirrai, jiragen da ke sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua za su iya sha. Ba haka abin yake ba. Bayodizal yana ci a injin tabayin, wannan gaskiya ne, amma tabayin na ƙasa da ke juya janareta daban, wanda ke rataye a fiffiken jirgi daban.

Injin tabayin yana zuƙar iska ya matse ta, nozul, wato bakin feshin mai, ya feso mai a cikinta kamar hazo, wuta ta kama, iskar mai zafi ta bugi fukafukan injin su juya. Wutar ba ta tsayawa, don haka ingancin ƙonewar ya dogara ga ƙanƙantar ɗigon man da saurin zamansa tururi. A nan bayodizal ya fara gazawa. A zafin digiri 40, kaurin man jirgi na Jet A-1 bai kai 2 ba a ma'aunin santistok, na bayodizal kuwa yakan kai 4 zuwa 5. Mai kauri yana fitowa da manyan ɗigo. Ga shi kuma man jirgi yana tafasa tsakanin digiri 150 da 300, shi kuwa bayodizal sai ya haura 300 sosai. Sakamakon haka tayar da inji da sanyi kan yi wuya, wani ɗigon ya bugi bangon ɗakin wuta bai gama ƙonewa ba, gawayi ya taru a bakin nozul ya karkatar da feshin. Idan feshi ya karkace, wuta na cin gefe ɗaya, ƙarfen wurin ya tsage. Jirgin da injinsa ya mutu a sama yana bukatar sake kunna shi cikin iska mai sanyi kuma marar nauyi, kuma mai irin wannan ba abin dogaro ba ne a wannan hali.

Ta fuskar ƙarfi, kilo ɗaya na Jet A-1 na ba da kimanin megajul 43, na bayodizal kimanin 37, domin kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne, wanda ba ya ba da zafi. Kenan sai an ƙona ƙarin kimanin kashi 16 na nauyi kafin a sami aiki ɗaya. A lita bambancin bai wuce kashi 5 ko 6 ba, saboda bayodizal ya fi nauyi. Mai janareta lita yake ƙirgawa, ba zai damu sosai ba. Matuƙin jirgi kilo yake ƙirgawa.

Wannan oksijin ɗin yana da ranarsa, a yi masa adalci. Shi da rashin sinadaran aromatik ne ke sa wutar bayodizal ba ta fitar da baƙin hayaƙi da kunkunniya kamar ta man jirgi, kuma kusan babu farar wuta a cikinsa.

Abin da ya rufe maganar jirgi shi ne sanyi. Ƙa'idar Jet A-1 ita ce kada ya daskare sai a digiri 47 ƙasa da sifili, domin a tsayin kilomita 11 sanyin iska na kai wa 56 ƙasa da sifili. Bayodizal na waken soya yana fara gurɓacewa da ƙanƙarar kitse a wajen sifili, na manja kuma tun a digiri 13 zuwa 15. Duk wanda ya ga yadda manja ke sanƙarewa a kwalba da asubar hunturun Daura ya san ma'anar haka ga filtar mai. Shi ya sa masu kula da ingancin man jirgi ke ɗaukar bayodizal a matsayin gurɓata, ba a yarda ya wuce miligiram 50 a kowane kilo ba. Tankar da ta yi dakon gas mai haɗin bayodizal ba a wanke ta ba tana iya ɓata lodin man jirgi gaba ɗaya.

To jirgin Air New Zealand da ya tashi a Disamban 2008 da haɗin man bi-ni-da-zugu da man jirgi rabi da rabi a inji ɗaya fa? Wancan ba bayodizal ba ne. Bayodizal ana yin sa ne da mai, metanol da soda a zafin digiri 55 zuwa 60, giliserin ya kwanta a ƙasa a zubar. Na jirgi kuwa matata ce ke dafa shi da haidirojin cikin matsi da zafi mai tsanani, ta cire oksijin ɗin kaf, ta sassare shi ya koma kananzir. Ana kiran wannan hanya HEFA, an amince da ita a 2011, kuma haɗin ba ya wuce kashi 50. Manomi zai iya sayar wa irin wannan matata da mai, amma ba aikin bayan gida ba ne.

Ga masu son gwada bayodizal a ƙaramin tabayin na ƙasa, a jami'a ko kwalejin kimiyya, ga abin da ya kamata a kiyaye. A fara da haɗin da bayodizal ke kashi 20 a cikinsa, a tayar da injin kuma a kashe shi da kananzir ko gas zalla, don kada bayodizal ya kwana a nozul mai zafi ya zama danƙo. A ɗumama man kafin ya isa famfo, kaurinsa zai ragu. A cire robobin naitiril a sa na Viton, a raba man da bututun jan ƙarfe da tagulla, domin suna sa shi saurin lalacewa. Filta za ta toshe da wuri a farkon aiki, saboda bayodizal na wanko tsohon datti daga tanki. Yana kuma jan ruwa daga iska, don haka a riƙa tsiyaye gindin tanki, kada kuma ajiyarsa ta wuce wata 6.

Abin da aka fi mantawa shi ne ragowar soda. Ƙa'idar Turai ta bayodizal ta yarda da sodiyam da fotasiyam har miligiram 5 a kilo, wanda ya ishi injin mota, amma masu ƙera tabayin galibi 1 ko ƙasa da haka suke nema. Waɗannan gishirai na narkewa a kan fukafukai masu zafi su cinye su. Man da ba a wanke shi da kyau an kai shi ɗakin gwaji ba, kada a kusantar da shi da tabayin.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin makamashi, Katsina.