Zan kai jikokina Abuja, kuma ba takarda za mu bi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana iyaye da kakanni, musamman tsofaffin ma'aikata irina da ke zaune a gida suna lissafin ƙarshen wata.

Ran nan a majalisarmu ta bayan la'asar, a nan Tudun Wadan Zariya, na ce idan Allah ya kai mu dogon hutun makarantu zan kwashi jikokina uku in kai su Abuja. Kafin in rufe baki wani ya ce, "Takardar wa za ka bi?" Wani ya ce ko biza zan nema. Da na ce babu ko ɗaya, kallo kawai za mu je mu dawo, sai majalisa ta kwashe da dariya. Aminina na shekara arba'in ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, ko dai an biya ku ariyas ne ba ka faɗa mana ba?"

Ban ga laifinsu ba, don ni ma haka na san garin. Sau uku na taɓa zuwa Abuja, duk a kan maganar fansho bayan na ajiye aikin akawu. A zuwa na biyu kwana huɗu na yi ina zaman benci a wani ofis, kullum a ce oga ya fita mitin, da dare in koma Zuba in kwana a shagon wani ɗan garinmu mai sayar da buhuna. Abin da na gani a zuwa ukun nan bai wuce bene, da layi, da mai shayi ba. Ko Masallacin Ƙasa ta tagar mota na hango shi, ina rungume da fayil kamar jariri.

Babbar jikata ce ta tayar da wannan tafiya. Shekararta goma sha ɗaya, amaryata nake ce mata, ita kuma kullum tana ce mini na tsufa ta fasa. Na ba ta naira ɗari ta sayo mini goro, sai ta tsaya tana juya takardar, ta ce, "Kaka, wannan dutsen da gaske akwai shi, ko zana shi kawai aka yi?" Na ce akwai shi mana, Dutsen Zuma ke nan, har fuskar mutum gare shi. Ta ce to me ya sa ban taɓa kai ta ba. Na buɗe baki na rasa amsa. Sau shida na wuce ta gindin dutsen nan, zuwa da dawowa, ko sau ɗaya ban ce direba ya tsaya ba.

Da dare na zazzage aljihu na baje kuɗin a kan tabarma, sai na ga ashe rabin tafiyar tamu tana zane a jikinsu. Naira ɗari ga Zuma, amma a tsohuwar, don wadda aka buga a 2014 ta cikar Najeriya shekara ɗari masu rawa aka sa a bayanta. Na ce wa yarinyar ta adana tata, da tsohuwar zuma ake magani. Naira dubu, a bayanta ginin Babban Bankin Najeriya ne da ke tsakiyar Abuja. Naira ashirin kuwa ita ta fi tsayar da ni. A gabanta Janar Murtala Muhammad ne, wanda ya yi shelar mayar da babban birni tsakiyar ƙasa ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma aka kashe shi. Ina saurayi a lokacin, har yau ina tuna yadda gari ya yi tsit a ranar Juma'ar nan. Birnin da ya ambata bai gan shi ba, sai ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya taso da gwamnati daga Legas. A bayan takardar kuma Ladi Kwali ce zaune da tukunyarta, Bagwariya daga ƙasar da aka gina birnin a kanta, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta nan garinmu ta ba digirin girmamawa a 1977. Yaran nan kullum suna kashe ashirin a alewa, ba wanda ya san ko wace ce.

Shirin zaune ya fi na tsaye, don haka ga yadda na tsara. Za mu tashi ran Alhamis da asuba a mota zuwa Kaduna, mu kama jirgin ƙasa a Rigasa. A nan muka fi kai ruwa rana da uwargida. Ita har yau harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022 bai bar zuciyarta ba, ta ce in dai da jikokinta ne sai dai mota. Na ce mata hanyar motar ma ai ta san labarinta, Allah ne mai tsarewa a ko'ina, kuma jirgin ya koma aiki tun Disamban waccan shekarar. Abin da ya karya mata gwiwa shi ne ɗan autan cikinsu, takwarana, da ya ce shi bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Yaro ɗan Zariya, garin da tashar jirgi ta raya Sabon Garinsa, bai san jirgi ba sai a littafi. Ta yi shiru, can ta ce to a tafi da rana a dawo da rana. Tikiti ta intanet ake saye yanzu, ni kuwa wayata ta kira ce da tocila, don haka na ɗora wa ƙaramin ɗana wannan aikin, na kuma gargaɗe shi kada ya bari sai daren tafiya.

Ba za mu kai Idu ba, tashar ƙarshe ta jirgin a Abuja, a Kubwa za mu sauka, gidan ɗan ƙanwata da ke koyarwa a can. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya fara da neman masauki wurin ɗan uwa, don kuɗin otal na kwana uku a cikin gari ya isa ya cinye tafiyar tun ba a fara ba. Kuma da wuya Bahaushe ya rasa nasa a Kubwa ko Dei-Dei ko Nyanya ko Mararaba.

Da la'asar ranar za mu nufi Madalla mu tsaya a gaban Zuma har amaryata ta gaji da kallo. Wannan ne ma ya sa na zaɓi damina. A hunturu hazo yakan rufe duwatsun, ka hango su dishi-dishi kamar ta bayan labule, amma a watan Agusta ƙasa ta yi kore, dutse ya wanku. In ruwa ya tare mu, mu fake. Za su ji mamaki in na gaya musu dutsen ba ma a cikin Abuja yake ba, a jihar Neja yake.

Daga nan sai Suleja, kuma in da za a ce in zaɓi wuri ɗaya a duk tafiyar, ita zan zaɓa. Mu Zage-zagi muna da bashin ziyara a garin nan. Lokacin jihadi, da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya, kudu ya yi da jama'arsa har ƙasar Zuba. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya kafa gari a 1828, aka riƙa ce masa Abuja. Da gwamnati ta zo gina sabon birni sai ta karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Har gobe sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa. Ashe sunan da ake bugawa a kan takardun gwamnati, ake karantawa a labaran duniya, laƙabin wani ɗan sarkin Zazzau ne. Na sha faɗa wa yaran wannan a tsakar gida suna hamma. Ina so in faɗa musu a ƙofar fadar, in ga ko za su yi hammar. A garin nan ne kuma Ladi Kwali ta yi aiki a makarantar gina tukwane da wani Bature ya buɗe a farkon shekarun 1950, ita ce mace ta farko da aka ɗauka.

Juma'a ta cikin gari ce. Na roƙi ɗan ƙanwata ya samo mana direban tasi da ya sani, mu yi shatarsa wuni guda. Abuja ba garin yawo a ƙafa ba ne, abin da ka hango kusa sai ka yi tafiyar rabin awa, ga shi an hana acaɓa a tsakiyar gari tun 2006. Ba kuma zan tsaya bakin titi da yara uku ina tare motar da ban sani ba, don kowa ya ji labarin ɓarayin da ke shigar 'yan tasi, waɗanda mutanen garin ke kira wan cans. Za mu bi ta Dandalin Eagle inda ake rantsar da shugaban ƙasa, mu hango Majalisar Dokoki da koren ƙubbarta, Dutsen Aso a bayanta, mu gaisa da ginin naira dubu daga nesa. Na riga na ja kunnen na tsakiyar, mai son ɗaukar hoto da wayar uwarsa, cewa inda ya ga soja ko ɗan sanda a ƙofa ya mayar da waya aljihu. Kafin sha biyu ina so mu kasance a Masallacin Ƙasa, mu sami sahu a ciki ƙarƙashin ƙubbar zinariyar nan, kada mu ƙare a kan kwalta. In mun fito zan nuna musu babban cocin ƙasa da ke fuskantar masallacin, su ga yadda aka jera su. Sai kasuwar Wuse, kowa ya zaɓi tsarabar da ba ta fi ƙarfin aljihuna ba.

Asabar na bar wa yara. Da safe lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, su yi ta guje-guje a ciyawa ni ina zaune a inuwa. Uwargida ta ce za ta yi mana dambun nama da cincin, don ta ji labarin farashin abincin Maitama ta ce ba da kuɗinta ba. A hanyar komawa Kubwa, in akwai sauran ƙarfi, mu ratsa Ushafa inda mata ke gina tukwane har yau, ƙauyen da Shugaba Clinton na Amurka ya ziyarta a 2000. Kusa da nan ne madatsar ruwan Usuma da birnin ke sha. Lahadi da safe mu kama jirgi.

Wata biyar ke nan ina cire wani abu daga fansho ina ba uwargida ajiya, don in na riƙe da kaina biki da suna za su cinye. Ba na ce abu ne mai sauƙi ba a wannan zamani da mudun masara ke ba magidanci tsoro. Amma mun fi haka kashewa a anko, ba wanda ya yi mana dariya. Da kuɗin ƙasa aka gina birnin nan, da harajin da aka yi shekara talatin da biyar ana yanka a albashina, sannan a ce ba mai shigarsa sai mai neman kwangila ko mai bin fayil? Jikan ɗan majalisa ya san kowane lungu na Maitama, nawa kuwa suna tambaya ko Zuma zane ne.

Ya Edita, roƙona gare ka ɗaya ne. Labarin Abuja da kuke kawo mana kullum na 'yan siyasa ne da kotu. Ka tura wakilinka sau ɗaya ya bi garin da idon baƙo mai ƙaramin ƙarfi, ya rubuto mana da Hausa inda ake shiga kyauta, da inda ake biya, da motar da ake hawa daga tasha, da inda mai yara zai yi alwala ya huta. Da na sami irin wannan a jarida, da ban yi sati biyu ina damun ɗan ƙanwata da kira ba.

Aminin nan nawa da ya yi mini ba'ar ariyas, shekaranjiya ya biyo ni har gida bayan isha'i, ya zauna ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaya ko motar da za mu yi shata za ta ɗauki ƙarin yaro ɗaya. Na ce ya kawo kuɗin tikiti kafin ƙarshen wata.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani ɗan fansho,
Tudun Wada, Zariya.