Littattafan da Mahaifiyarmu Ta Bari

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya tare da iyali da abokan aikinki.

Na rubuto ne a kan wata magana da ta raba kanmu ni da ƙannena biyu tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, wata biyar ke nan. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta shafe fiye da shekara talatin a bakin aiki kafin ta yi ritaya. Ta fara ne a zamanin da ake dafa sirinjin gilashi da allura a ruwan zafi a sake amfani da su, kuma takan ba mu labarin murnar da suka yi a 1980 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da cutar agana, domin ta sha ganin tabonta a fuskokin mutane. Da ƙanjamau ta ɓulla, wasu suna gudun ko da gyara shimfiɗar masu ita, Mama ba ta ja da baya ba.

Ritaya ma ba ta raba ta da aikin ba. Duk jikan da ya shigo wurinta sai ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta ja fatar ƙasan idonsa ta duba ko yana da isasshen jini, kafin ma ta amsa gaisuwarsa. Ita ce ke ƙirga wa Baba maganin hawan jininsa kowace safiya, kuma har yau idan lokacin ya yi yakan waiga wajen kujerarta.

Da muka zo kwashe kayanta, sai muka tarar da littattafan rubutu guda tara a ƙarƙashin tsofaffin fararen kayan aikinta, tare da ƙaramin agogon da take maƙalawa a ƙirji don ƙirga bugun jini. Ashe duk daren da ta kwana a bakin aiki sai ta rubuta abin da ya wakana: sunan majiyyaci, ciwonsa, wani lokaci har da maganar da ya yi mata kafin ya cika. A ciki akwai cututtuka da haihuwar da masu su suka ɓoye wa danginsu, kuma wasu daga cikin iyalan mun san su.

Ƙanena yana so a buga su a matsayin ɗan littafin tunawa da ita, a sa wani sashe a Facebook ranar 12 ga Mayu, wato Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, domin a cewarsa jikoki su san ko wace ce kakarsu. Ƙanwata kuwa ta ce a ƙona su baki ɗaya, hujjarta ita ce Mama ba ta taɓa ambaton sunan majiyyaci a gida ba, kuma idan muka matsa mata da tambaya sai ta ce sirrin marar lafiya amana ne.

A gaskiya hujjar ƙanwata ta fi ƙarfi a wurina, amma na kasa yarda a ƙona su, kuma ga dalilina. Na girma da ƙullin cewa Mama ta fifita asibiti a kanmu, musamman saboda daren da ƙyanda ta kwantar da ni ina ƙarama, na yi ta kiranta ba ta nan. A littafi na uku na ci karo da wannan daren, inda ta rubuta a gefen shafi cewa ta baro 'yarta da zazzaɓi, kuma duk yaron da ta taɓa sai ta ji kamar ni ce. Shekara da shekaru ban san da haka ba. Baba bai ce komai ba a kan rigimar, illa dai ya roƙi a bar masa guda ɗaya, wanda yake ajiyewa kusa da matashinsa duk da idonsa ba ya iya karatu yanzu.

Malama, shin sauya sunaye ya wadatar, ko kuwa labarin kansa zai iya tona asirin mai shi? Ni kaina ina da hurumin ci gaba da karanta sauran shidan, alhali ba don mu ta rubuta su ba? Sannan ta yaya zan tunkari ƙanena, wanda ya riga ya fara kwafe littafin farko a kwamfutarsa, ba tare da ya ga kamar ina hana shi karrama mahaifiyarsa ba?

Taki,
Babbar 'yar marigayiya