Amsa ga mai tambaya kan kundin Genesis na 1976

Assalamu alaikum, Malam.

Ka yi tambaya a bainar jama'a: shin kundin waƙoƙin A Trick of the Tail ya cancanci saurare, ko kuwa ƙungiyar Genesis ta mutu tun ranar da mawaƙinta Peter Gabriel ya fice a 1975? Ya cancanta ƙwarai. Murya ce ta tafi, amma masu ƙera kiɗan, wato Tony Banks da Mike Rutherford da Steve Hackett da Phil Collins, duk suna nan.

Ga yadda aka yi. Sun sa tallar neman mawaƙi a jaridar Melody Maker, aka sami masu nema wajen 400. Collins, makaɗin gangarsu, shi ke koya wa waɗanda aka gayyato yadda za su rera. Har suka shiga situdiyon Trident a Landan a watan Oktoba 1975 tare da furodusa David Hentschel ba su tsayar da kowa ba, sai suka fara ɗaukar kiɗa zalla. Nan matsalar take: idan aka naɗi kiɗa kafin a san mai waƙa, an riga an kafa tsayin sautin, dole murya ta bi shi ko ta gaza. Wanda suka kawo ya gwada waƙar “Squonk” bai iya kaiwa ba. Collins ya gwada, ta zauna masa, sai ya rera sauran. Ba baƙon makirufo ba ne dama, shi ya rera “More Fool Me” a 1973. Kundin ya fito a Fabrairu 1976, ya kai na 3 a Birtaniya.

In kana so kunnenka ya yi maka alƙalanci, fara da “Dance on a Volcano”. Zubinta bugu bakwai ne, ba huɗu ba. Mai ƙirga huɗu-huɗu zai ji kamar ƙafarsa ta zame a kowane zagaye. Ƙirga biyu, biyu, uku, ka maimaita har jiki ya saba.

Sai “Entangled”, wadda a ganinmu ita ce gwanar kundin. Jita mai tsirkiya 12 ce ke ɗauke da ita, babu hayaniyar ganga. A ƙarshenta za ka ji kamar taron mutane na amshi. Ba mutane ba ne, Mellotron ce, wata na'urar kiɗa mai maɓallai kamar fiyano: kowane maɓallinta na jan zaren kaset da aka naɗi murya a kai, kuma zaren na ƙarewa cikin daƙiƙa takwas ko makamancin haka. Shi ya sa Banks ba ya daɗewa a kan sauti ɗaya, dole ya ɗaga yatsa ya sauya. “Robbery, Assault and Battery” kuwa, tsakiyarta ce abin ji, labarin ɓarawon bai kai na zamanin Gabriel armashi ba.

Abin da ke ɓata wa mutane shi ne kayan saurare. Rutherford na taka Moog Taurus, wata na'urar kiɗa mai kaurin sauti, da ƙafa, sautinta can ƙasa yake, lasifikar waya ba ta fitar da shi sam, sai “Squonk” ta zama fanko. Nemi abin sawa a kunne mai rufe shi duka. In kuma faifan garmaho ka samu, ka sani kundin ya kai minti 51, kusan 25 a kowane gefe. Don ya shiga sai an matse layukan, ƙara ta ragu, kuma tsohuwar allura za ta sa waƙar ƙarshe, “Los Endos”, ta yi ƙaiƙayi saboda tana kusa da tsakiyar faifan. Duba allurar kafin ka zargi faifan. Akwai kuma sabon haɗin sauti da injiniyan sauti Nick Davis ya yi a 2007. Ya fi ƙara, amma ba shi aka ji a 1976 ba, don haka duba shekarar da ke jikin wanda ka buɗe.

Inda rashin Gabriel ya fi bayyana shi ne a dandali, tunda mutum ɗaya ba zai tsaya gaba yana waƙa kuma ya zauna bayan ganga ba. Bill Bruford, tsohon makaɗin ƙungiyoyin Yes da King Crimson, ya riƙe gangar a rangadin 1976, daga 1977 Chester Thompson ya karɓa.

Wassalam.